Fenti Ya Canza, Hannu Bai Canza Ba

Akwai wani tsumma da ya ɓace daga but ɗin motocin Jimeta, kuma ba wanda ya yi cigiyarsa. Shi ne tsumman nan da ke rinewa da launin motar da aka goga da shi. A shekarun 1970 da 1980, idan direba ya buɗe gwangwanin man goge mota da sassafe, ya lakato kaɗan a tsohuwar singileti, ya duƙufa a kan bonet ɗin Peugeot 504, kafin ya kai ƙofar baya tsumman ya koma shuɗi in motar shuɗiya ce, ko ja in ja ce. Warin man, wanda ke tsakanin na kaki da na kananzir, yakan tsaya a ƙofar gida har hantsi, bambar ƙarfe tana ɗaukar ido, yaran unguwa suna leƙa fuskokinsu a murfin taya. Yau a wuraren wankin mota na unguwannin Rumde da Doubeli da Jambutu, matashi zai bi mota da tawul tun daga fitilar gaba har ta baya, tawul ɗin ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, amma ba zai ɗauko ko ɗigon launi ba. Wannan ɗan bambanci da ido ke tsallakewa shi ne shaidar babban sauyi: abin da ke jikin mota ya zama wani abu dabam, alhali hannun da ke wanke ta yana nan da ɗabi'ar da ya gada. Ina ganin daga nan ne yawancin ɓarnar da ake yi wa fentin motoci a garin nan take tasowa, kuma duk wanda ya tsaya a shago zai zaɓi kaki ko tawul ko faifan injin goge fenti, wannan ya kamata ya fara ganewa kafin ya tambayi farashi.

Motocin wancan zamani sun zo da lokacinsu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sannan a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola aka mai da Yola hedikwata, ma'aikata suka cika Jimeta, rancen mota ya sa babban akawu da shugaban makaranta suka riƙe sitiyari. Galibin waɗannan motoci fentinsu shimfiɗa ɗaya ce, launi da sheƙi a cakuɗe wuri guda. Rana takan ƙona saman fentin ya dushe, ya yi gari-gari, amma a ƙarƙashin abin da ya mutu akwai launi mai rai. Man gogewa na lokacin yana ɗauke da ɗan gari mai kaifi, da shi ake kankare mataccen fentin, shi ya sa tsumma ke rinewa. Saboda haka ƙarfin damtse yana da lada, wanda ya fi murzawa shi ya fi samun ƙyalli. Tsofaffin direbobi da suka koya wa yaransu a danna, a murza, a sake murzawa, sun karanci abin da ke gabansu daidai. Sun kuma haɗa da wasu ƙa'idoji da ba su tsufa ba har gobe: ba a wanke mota da tsakar rana, ba a goge ƙura a bushe, ana kai mota inuwa ko a lulluɓe ta da tamfol, kuma sabon yaron mota yakan daɗe a kan taya da ƙarƙashin mota kafin maigida ya yarda ya taɓa bodi.

Daga shekarun 1980 kamfanonin ƙera motoci a Turai da Japan da Amurka suka koma fenti mai hawa-hawa. A fara da na share fage, a bi da launi siriri wanda shi kansa ba ya sheƙi, sannan a rufe da wani ruwan fenti garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ƙyalli, shi ne kuma ke tare wa launin zafin rana. A daidai wannan lokaci, bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, titunanmu suka cika da tsofaffin motoci 'yan Kwatano, daga baya kuma da Camry da Corolla da Accord da suka gama ƙuruciyarsu a Amurka. Rufin saman nan na sabon fenti kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, wato rufin bai kai kaurin fallen takardar rubutu ba. Babu wani sheƙi a ajiye a ƙarƙashinsa da murza za ta tono. Duk abin da aka kankare daga gare shi ya tafi ke nan, kuma in ya sirance fiye da kima sai rana ta ƙarasa shi, ya fara ɗayewa fari-fari a rufin mota da bonet da but, irin abin da ake gani a jikin motocin haya da yawa. Daga nan babu man da zai yi magani sai mai fenti. Mata a tsakar gida sun daɗe da sanin irin wannan bambanci: tukunyar dalma ana dirje ta da toka da yashi ta fito fes, amma kwanon samira in aka yi masa haka an kashe shi. Motocin da sun fi kusa da tukunyar, na yau da samirar.

Sai a ɗora yanayin wurin a kan wannan. Rumde tana kusa da gaɓar Binuwai, kuma irin yashin da tifofi ke kwasowa daga kogin shi ne ke kwance a lunguna, iska tana watsa shi, tayoyi suna tayar da shi. Ƙwayar yashi ta fi kowane fentin mota tauri nesa ba kusa ba, gilashi ma tana karce shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke ƙura wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma laushinta a yatsa bai hana ta zama dangin yashi ba. Da hunturu ya ja baya sai bazara ta shigo. A Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40 a inuwa, bonet ɗin baƙar mota da ke tsakar rana kuwa yakan kai 70 ko fiye. Ma'anar wannan duka ita ce, a Rumde kusan duk lokacin da hannu ya taɓa mota akwai ƙwayoyi masu kaifi tsakanin hannun da fentin. Siraran zanen nan masu zagaye-zagaye da ke bayyana a jikin baƙar mota idan rana ta haske ta, mafi yawansu wanki ne ya yi su, wato aikin da mai motar ya biya kuɗinsa domin a gyara masa ita.

Shi ya sa nake ganin ana jera muhimmancin kayan nan a juye. Mai mota zai daɗe yana tambaya a kan gwangwanin kaki, amma bai taɓa duba tsumman da ake goge motarsa da shi ba, alhali tsumman ne ke taɓa fenti kowane mako, kakin kuwa 'yan lokuta a shekara. Tsohuwar singileti da guntun atamfa saƙarsu a shafe take, ba su da inda za su ɓoye ƙwayar yashi, sai su danne ta a kan fenti su ja. Fatar gogewa da tsofaffin direbobi ke ji da ita tana shan ruwa sosai, amma ita ma a shafe take. Tawul ɗin maikirofaiba, wanda aka fara samar da irin zarensa a Japan wajen 1970, zarensa ya fi gashin kai siranta nesa, kuma an tsattsaga shi yadda zai ɗago ƙura ya shige da ita cikin gashinsa. Wannan ci gaba ne na gaske da magabata ba su samu ba. Sai dai yana da sharaɗi. Na taya dabam, na bodi dabam, na gilashi dabam. In ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar sai an wanke shi, kuma ba a shanya shi a ƙasa ko a kan katanga, domin ƙwarewarsa wajen riƙe ƙura ita ce ke mai da shi abin tsoro idan ya kwashi yashi. Haka ɗan soson shafa kaki: mai laushi, mai tsafta, a ƙulle cikin leda tsakanin aiki da aiki.

Bayan tawul sai ruwa. Wanda ya gangara da mota bakin kogi da rani, inda ruwa ba na saye ba ne, yakan yi ta kwara bokiti bayan bokiti har laka ta zube da kanta kafin soso ya taɓa jiki. Wannan yalwa ita ce ke kare fenti, ko da yake ita ce kuma ke zuba baƙin mai da kumfa a ruwan da masunta ke ci da shi. Rijiyar burtsatse da injin feshi sun kawo wannan yalwar cikin gari, har da ƙarin ƙarfi, kuma riba ce da ba a musun ta. Amma inda ake sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, ko ake tattalin man janareta, sai bokiti ɗaya ya wanke mota gaba ɗaya, yashin da aka kwaso daga taya ya ƙare a kan rufi. Maganin bai fi bokiti na biyu ba, wanda ake ɗauraye soso a ciki kafin a mai da shi cikin kumfa, tare da farawa daga sama a ƙare a ƙasa. Garin sabulun wanki kuwa an yi shi ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, kaki kuma dangin maiƙo ne, saboda haka wanki kaɗan ya isa ya kwashe abin da aka kashe kuɗi aka shafa. Ruwan burtsatse ma in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yakan bar fararen ɗigo masu wuyar fita. Ka ga ke nan dokar dattawa ta wanki a inuwa ta fi ƙarfi yau a kan lokacin da suka kafa ta.

Sai yanzu aka zo kan kaki. A kasuwa ana haɗa abubuwa biyu a wuri ɗaya alhali aikinsu kishiyar juna ne: akwai man da ke kankare fenti domin ya share zane, akwai wanda ke rufe shi domin ya kare. Na farko rage kauri yake yi duk lokacin da aka shafa shi, na biyu ƙari yake yi. Kakin da ya fi suna a duniya shi ne karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Birazil. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, kakin zuma kuwa tun wajen 62. Yana ba da sheƙi mai zurfi, amma a gwangwani an sassauta shi da wasu mayuka domin ya shafu, kuma a rana irin ta Yola ba ya daɗewa, makonni ne. Man rufi da aka haɗa a masana'anta ya fi shi jure zafi da sabulu, yakan kai watanni. Rufin siramik yakan yi shekaru, sai dai yana da tsada, yana kuma bukatar rufaffen wuri da fenti mai tsafta ƙal, don in aka shafa shi a buɗaɗɗiyar rumfa da hunturu, ƙurar za a manne a jikin motar. Ga motar da ke yini a rana ta kwana a waje, na tsakiyar ya fi dacewa. Kowanne aka zaɓa, shafa kaɗan ake yi. Laftawa ba ta ƙara kariya, sai dai ta tilasta ƙarin murza wajen gogewa.

Injin goge fenti shi ya fi burge mai kallo, shi ne kuma ya fi haɗari. Faifan ulu a bakin inji mai juyi ɗaya yana ci da sauri, yana tara zafi, kuma a gefuna da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa ya huda rufin ya kai ga launi. Faifan soso hawa-hawa ne, daga mai tauri na kankara zuwa mai laushi na ƙarasawa, inji mai juyawa yana karkarwa kuma ba ya saurin ƙona fenti. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a fara da mafi laushi, a gwada a ɗan lungu, a tsaya da zarar bukata ta biya. Motar da ta yi shekara 15 kafin ta sauka a ƙasar nan, ba wanda ya san sau nawa inji ya bi ta, ko wace ƙofa aka sake wa fenti. Inji yana mai da tsohuwar mota amarya ranar ciniki, shi ya sa dillalai ke son sa, amma wanda ya saya shi zai ga rufin yana ɗayewa bayan bazara ɗaya ko biyu. Wanda ke kai motarsa guga duk sallah, garin neman gira zai rasa ido.

Wani dattijo zai ce ai duk wannan shaida ce cewa kayan da sun fi, tunda motar da tana jure hannu, ta yau kuwa sai lallaɓawa. Akwai gaskiya a maganarsa, amma ba duka ba ce. Tsohon fenti yana bukatar murza ne domin yana saurin koɗewa, jar mota ba ta daɗewa a rana sai ta koma fari-fari, tsatsa kuma takan cinye ƙasan ƙofa da wajen taka ƙafa. Masana'antun yau suna tsoma gangar mota gaba ɗaya cikin ruwan hana tsatsa kafin fenti, kuma sabon fenti in an bar shi lafiya yakan riƙe sheƙinsa shekaru masu yawa ba tare da an kankare shi ko sau ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma abin da ya cancanci gado daga dattawa shi ne haƙurinsu da lura da abin da ke gabansu. Ƙarfin murzarsu na fentin zamaninsu ne, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Wani kuma zai ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da abin sakawa a tanki suke fama, kuma motar da aka wanke da safe kafin azahar ƙura ta rufe ta. Ni a ganina wannan hujja ta fi goyon bayan kulawa. Ga direban da ke jigila tsakanin Yola da Mubi ko Numan, da mai Keke Napep da ke biyan balas kullum, abin hawa jari ne, kuma faɗuwar naira ta sa maye gurbinsa ya yi nisa. Sake fenti ya ninka kuɗin tawul da kaki sau da yawa, sannan tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ko fentin kamfani ne. Yawancin abin da ake nema ma ba na kuɗi ba ne: inuwa, ɗauraya kafin taɓawa, raba tsumma, da barin ɗabi'ar share ƙura a bushe duk lokacin da aka tsaya. Kaki ba ya hana ƙura sauka. Amfaninsa shi ne ya sa ta sulale da ruwa kawai, hannu bai danna ba. Rage yawan wanki ma, in an yi shi da kyau, ya fi yawan wanki na gaggawa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu wankin kansu. Matashin da ake biya bisa yawan motocin da ya wanke, a raba kuɗin da mai wuri, ba shi da dalilin ɓata lokaci a kan bokiti na biyu, ba shi kuma da rarar sayen tawul biyar. Alhaji yana zaune cikin inuwa yana duba agogo, yaro yana cewa “yanzun nan, ranka ya daɗe,” wata mota tana jira a baya. A nan ne ainihin asarar da zamani ya kawo take. A da mota hannu ɗaya ta sani, direbanta ko ɗan gida, wanda ya san inda aka taɓa bugun ta, kuma shi zai sha faɗa in ta lalace bayan shekara. Yau hannaye da yawa ke bin ta, kowanne na rabin sa'a, babu wanda zai ga sakamakon aikinsa. Amma wuraren wankin nan sun ba ɗimbin matasa abin yi a garin da ya cika da baƙi, ciki har da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Mubi da Michika da Madagali a 2014, kuma ba wanda zai so a rufe su domin kewar jiya. Laifin yaro kaɗan ne idan mai mota ya tsuke kuɗi kuma ya matsa da gaggawa. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage shi ne a mai da wankin mota sana'a mai ilimi, kamar yadda kanikanci da fenti suke da maigida da yaro da lokacin koyo. Mai wuri da ya ware tawul kala-kala, ya kafa rumfa, ya hana sabon yaro taɓa inji har sai ya ƙware a kan tsofaffin ƙofofi, zai iya neman kuɗi fiye da maƙwabcinsa, kuma zai samu masu komowa. Mai mota shi ma yana da nasa rabon: ya ajiye tawul ɗinsa biyu a but, ya tsaya wa wuri ɗaya da mutum ɗaya har su san juna, ya ƙara ɗan abu a kan farashi, ya daina ƙirga mintoci. Kayan aikin da ke kasuwar Jimeta yau sun fi duk abin da direbobin Gongola suka taɓa riƙewa. Idan aka haɗa su da ladabin da waɗancan direbobi suka yi wa abin da aka ba su amana, motar da ta sauka Rumde da fentin kamfani za ta iya tsufa da shi, mai wankin ta kuma ya ci gumin ƙwarewarsa.